Akwai Masu Gida

Har yau in na lumshe ido ina ganinsa a cikin kurmi, ya manna kunne a jikin itace kamar mai sauraron cikin mace. Maigidana gawayi yake ƙonawa. Amma ba ya sara sai ya ƙwanƙwasa da ƙotar gatari, ya saurara. In ya ji 'yan tsaki na kuka a kogo, sai ya saɓa gatarinsa.

"Akwai masu gida," yakan ce. "Mu yi gaba."

"To, mu ci me? Waƙa?"

"Ke ma ai da waƙa na samo ki."

Uwar 'yan tsakin 'yar ƙaramar tsuntsuwa ce mai ruwan toka, muna ce mata Mai Sarewa. Ba ta yin sheƙa a sabon itace, sai tsoho mai kogo, inda inuwa ta yi duhu. Ina amarya, in damina ta gabato, kurmin gaba ɗaya busa yake yi, har in manta tulu a bakin rafi.

* * *

Hayaki ya cinye ƙirjin maigida, muka rufe shi. Masu motoci suka kawo injin yanka. Kowace damina busar tana raguwa, har ya zama saura tsohon itace guda a bayan ɗakina. Can Mai Sarewa ta tare. Da safe in ta fara, sai in ji kamar maigida ne ke dawowa, raɓa a ƙafafunsa.

Rannan babban ɗana ya zo da injin a kafaɗa.

"Inna, mai mota ya ce sai an cika masa buhuna. Tsohon itace ne ke ba da gawayi mai nauyi."

"Babana, ka bar mini wannan."

"Jikokinki ba sa cin waƙa, Inna."

Na san inda ya ji wannan maganar.

"To, ƙwanƙwasa tukuna, yadda mahaifinka yake yi."

Ya ƙwanƙwasa, Allah ya sani. Ya manna kunne. Sai dai injin na ƙasa a kunne, yana ruri.

"Ba kowa," ya ce.

* * *

Da la'asar Mai Sarewa ta dawo da tsutsa a baki. Ta yi ta shawagi daidai inda kogon yake a da, tana neman ƙofa a jikin iska.

Na durƙusa na ɗora kunnena a kan kututturen. Da sauran ɗumi.