Zogalen Dinatu da Ruwan Ikko

Shekara guda Dinatu ta hana wuƙa taɓa zogalen da ke bayan ɗakinta a Palladan. Maƙwabta suka yi ta tsegumi, don kowa ya san zogale datse shi ake yi ya yi ganye, ita kuwa ta bar nata ya miƙe har ya yi 'ya'ya. 'Yarta Jemimah ce ta roƙe ta. Tana shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru, tana son ta gwada ko 'ya'yan zogale za su kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan teku.

Teku kuwa, duk gidan babu wanda ya taɓa gani. Madam Adeola, mai atamfa a kasuwar Sabon Gari, ita ta ɗebo musu jarka guda daga Ikko, tana mita wai ita da ɗauko kaya aka san ta, ba ruwa ba.

Ranar da sakamako ya fito, Jemimah ta ja uwarta har ɗakin gwaji, ta nuna mata wani ɗan faifan gilashi. Ƙwayoyin cuta sun rufe shi ruf, sai wurin da aka ɗiga ruwan 'ya'yan zogalen ne ya rage fes, kamar an share.

"Mama, kin gani? Nan sun kasa matsowa."

Dinatu ta daɗe tana kallo, sannan ta gyara ɗaurin kallabinta.

"Ara mini shi in nuna wa maƙwabciyarmu Maman Brian," in ji ta. "Ita ce ta ce na ɓata bishiya."