Injin da Rachel ta Zaɓa

Ranar da aka ƙara wa Rachel girma ta zama shugabar ɗakin haihuwa a asibitin da take aiki a Wara, ƙaninta Emmanuel ne ya fara kiranta daga Legas. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, faɗi abin da kike so. Kada ki ce atamfa, kada kuma ki ce a bar shi."

"Injin gahawa," in ji ta. "Irin wanda ake zuba masa ruwa da gari, ya riƙa ɗigowa da kansa."

"Shi ke nan? To ki duba ki zaɓi wanda ya kwanta miki a rai, kada ki ji tsoron tsada. Ki turo min hotonsa, in na zo Kirsimeti zan taho da shi."

Gahawa ta shiga ran Rachel ne tun wani kwas na ungozoma da aka tura ta ƙasar Habasha. Kafin nan shayi take sha kamar kowa. Da ta dawo, garin gwangwanin da ake sayarwa a kasuwar Yelwa ya daina yi mata daɗi. Wata da suka yi kwas ɗin tare ce ke aiko mata da soyayyun 'ya'yan gahawa, ta daka a ƙaramin turmi, ta tafasa a tukunya, ta tace da ƙyalle. Wata rana ta fito salam, wata rana da ɗaci kamar maganin zazzaɓi, kuma kullum sai ta ji tsakuwa-tsakuwa a haƙori.

Ta ɗauka zaɓen aikin yini ɗaya ne. Ashe ba haka ba.

Da farko dai sabis. A cikin gidansu waya sai ta yi ta juyi ba ta buɗe komai ba, sai an gangara bakin tafki inda jirage ke sauke kaya. Don haka in ta tashi daga aiki sai ta bi ta can da farin kayanta, ta zauna kan wani kifaffen kwale-kwale, ta buɗe bidiyon masu gwada injina. Wani mai gemu zai fito a cikin ɗakin girki fari tas, ya ɗaga inji ya ce babu kamarsa a duniya, sai hoton ya tsaya cak bakinsa a buɗe. Kafin ya ci gaba rana ta yi ja. Washegari wani zai fito ya ce wancan injin ba ya tafasa ruwa yadda ya kamata, ga dai wanda ya fi shi.

Hafsatu mai bandar kifi, wadda Rachel ta karɓi haihuwarta bara, ta gaji da kallonta ta taso tana goge hannu a zane.

"Sista, lafiya dai? Ko wani kike jira daga tsallake?"

"Inji nake nema."

"Na jirgi? Ai mijina ya san mai sayarwa a Yelwa."

"Na gahawa."

Hafsatu ta dubi wayar, ta dubi Rachel. "Ita ma yanzu sai da inji?" Ta koma wajen kifinta, ba a jima ba Rachel ta ji matan wurin sun tuntsire da dariya.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne babu ko ɗaya daga cikin masu bidiyon nan da ya taɓa tambayar abin da ke damunta. Su damuwarsu ƙamshi da zafin ruwa. Ita kuwa tambayoyinta daban ne. Mai butar gilashi yana da kyau, amma faranti ne a ƙarƙashinsa ke riƙe zafin, kuma farantin sai da wuta. A Wara kuwa wuta kan tafi ta manta hanyar dawowa. Wani sai da takardar tacewa ta musamman, wadda ko a Birnin Kebbi ba ta da tabbacin za a samu. Ruwan rijiyarsu yana barin farin ɓawo a gindin buta, to yaya zai yi da bututun da hannu ba ya shiga? In wani abu ya lalace, wa za ta kai wa?

Mijinta Yohanna, hedimastan firamare, bai hana ta ba, amma bai taimaka ba. Shi ne ya haɗa musu sola da batir, kuma yana ji da inbatar da ke raba wutar batir ɗin a gidan kamar ɗiyarsa ta biyu.

"Maman Miracle, duk abin da ke dafa ruwa maƙiyin batir ne," in ji shi. "Ni dai na faɗa."

"Ka faɗa jiya, ka faɗa shekaranjiya."

"To mi ya hana ki ci gaba da tukunyarki? Ai tana yi."

"Kai ka taɓa sha?"

"Allah ya kiyaye."

Wata Asabar da la'asar ta ce bari ta gwada da kanta. Ta lura ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin dutsen gugarta daidai yake da na wani inji da ta fara so. Yohanna na falo da maƙwabta suna kallon ƙwallo. Ta shiga ɗaki ta jona dutsen gugar. Inbata ta ƙwalla ƙara, fanka ta tsaya, talabijin ya mutu ana shirin buga fanareti.

Ihun da aka yi a falon ya fi na inbatar. Yohanna ya leƙo, ya ga dutsen guga a hannunta babu ko tufa ɗaya a gabanta.

"Guga kike?"

"Gwaji nake."

Ya juya ya sallami baƙinsa, suka tafi gidan kallo. Har suka kwana bai yi mata magana ba, ita kuma ta san ba ta kyauta ba, amma ta samu amsarta: duk manyan injinan nan sun fita daga lissafi.

Daga nan zaɓen ya ɗan yi sauƙi, ko da yake sai da ta ƙara cinye data mai yawa. A ƙarshe ta tsaya kan wani ɗan madaidaici, ƙirar hannu mai nauyi, maɓalli ɗaya tak gare shi. Butarsa ta ƙarfe ce irin ta filas, tana riƙe zafi ko an ɗauke wuta. Matacinsa na raga ne, a wanke a mayar. Ana iya kwance shi gaba ɗaya a goge. Wutar da yake ci kuwa, da ta nuna wa Yohanna, ya sa tabarau ya duba ya ce, "In da rana ne, kuma an kashe firji, zai ɗauka." A wurin Yohanna wannan babban yabo ne.

Ta tura wa Emmanuel hoton, ta rubuta sunan injin, ta sake kiransa ta karanta masa. Ya ce, "An gama, Yaya."

Ana jibi Kirsimeti ya iso da rana tsaka a motar haya daga Kontagora. Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna, ta zo daga ƙauye tun safe tana jiransa. Shi da direba suka kinkimo wani kwali da ya kusa kai girman ƙaramin firji, suka dire a tsakar gida. Tun daga hoton jikin kwalin Rachel ta gane ba wanda ta zaɓa ba ne.

"Emmanuel, wannan fa?"

"Buɗe ki gani!" Fuskarsa sai sheƙi take. "Na je shagon, na ga wanda kika turo, wani ɗan tsurut kamar na ɗalibai. Na ce wa mai shagon yayata shugaba ce a asibiti, ya fito min da na manya. Wannan shi ke niƙa da kansa. Yana da allo. Da waya ma za ki iya tada shi kina kwance."

Inna ta shafa kwalin ta ce, "Kai, Allah shi maka albarka." Maƙwabta sun fara leƙowa. Miracle, 'yarsu da ta dawo hutu daga makarantar kwana, har ta ɗauko wuƙa tana yanka salatif. Rachel ta haɗiye abin da ya taso mata ta ce, "An gode. Allah ya ƙara buɗi."

Aka kai shi falo. Baƙi ne wuluk mai ƙyalli, butarsa ta gilashi. Emmanuel ya jona da kansa kafin Yohanna ya buɗe baki. Allon ya kawo haske, ya rubuta gaisuwa, kowa ya ce kai! Ya danna maɓallin niƙa, sai inbata ta yi kukanta, gidan ya yi tsit.

Yohanna ya dubi silin. Bai ce ya faɗa ba, amma da ya faɗa da ya fi sauƙi.

Emmanuel bai karaya ba. Ya aro janareta daga shagon mai aski, aka ja waya ta taga. Cikin rugugi da warin fetur injin ya niƙa, ya tafasa, ya fara ɗigowa, ƙamshi ya cika falon. Emmanuel ya zuba wa Rachel a kofi ya tsaya yana kallon bakinta.

Ta kurɓa. Tun Habasha ba ta sha mai daɗin wannan ba. Wannan ne ma ya ƙara ƙona mata rai. Ta leƙa cikin kwalin, ta ga 'yar ledar takardun tacewa da aka haɗo da ita, waɗanda ko wata guda ba za su kai ba.

Ta bari aka yi Kirsimeti lafiya, aka je coci, aka ci shinkafa da kifi. Kashegari da safe ta samu Emmanuel a tsakar gida yana wanke takalmi.

"Emmanuel, mi ka ce in yi ranar da ka kira ni?"

Ya ɗago. "Na ce ki zaɓa."

"Na zaɓa?"

"Yaya, ai wannan ya fi wancan nesa ba kusa ba."

"A gidanka ya fi. Nan kullum zan riƙa aro janaretan mai aski don in sha kofi ɗaya? Takardarsa ta ƙare in hau mota zuwa Legas? Ka san yammaci nawa na yi a bakin ruwan can masu kifi suna min dariya? Har faɗa na ja da Baban Miracle a kan abin nan. Na auna wutarmu, na auna ruwanmu, na turo maka. Sai mai shago da bai san inda Wara take ba ya faɗi magana ɗaya, ka ajiye tawa."

Ya saki burushin cikin bokiti. "Ni so na yi in fidda ki kunya. In an shigo gidanki a ga abu."

"Ba don a gani na roƙe ka ba. Sha zan yi."

"To tunda ban iya kyauta ba, sai in kwashe kayana."

Ta so ta ce ba haka take nufi ba, amma haka take nufi.

Inna ta ji komai daga madafa. Ranar nan Rachel ta sha faɗa kamar yarinya. "Yaro ya ɗauko kaya tun daga Legas, ki dube shi ki ce bai yi ba? Ko ba ya aiki ba sai ki rufa mai ƙyalle ki ajiye ba?" Abin mamaki, Yohanna ne ya tare mata. Ya ce, "Inna, gaskiya tana wajen Maman Miracle. An ce ta zaɓa." Inna ta ce su biyun duk ɗaya suke, ta ɗaure kayanta ta koma ƙauye kafin ranar da ta sa.

Emmanuel ya tafi da kwalinsa bayan sabuwar shekara. Sallamar tasu a tsaitsaye aka yi. Shagon ya ƙi karɓa tunda an riga an yi amfani da shi, wannan ma daga bakin Miracle ta ji. Rachel ta koma turminta da ƙyallenta. In ta kira shi sai ya ce yana wurin aiki, zai kira, ba ya kira. Wani lokaci tana daka sai ta ce da ma ta yi shiru. In ta kai kofin baki kuma sai ta ce a'a, ko yau aka sake za ta faɗa.

Sai da zafi ya fara shigowa, ruwan tafki ya ja baya, wani direba ya kira ta ya ce akwai saƙonta a tashar Yelwa. Ta nemi izini a wurin aiki ta hau mota. Ɗan kwali ne da za a iya runguma da hannu ɗaya, an naɗe shi da salatif ta ko'ina, an rubuta sunanta da hannun Emmanuel. Babu wata magana bayan sunan. A cinyarta ta riƙe shi har Wara, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ƙara ƙanƙame shi.

Ta iso rana na tsaka. Yohanna da kansa ya kashe firji, ya tsaya gaban inbata hannu a ƙugu. Ta zuba ruwa, ta zuba gari, ta danna maɓallin. Inbata ta ɗan yi gurnani, ta ɗauka.

Tana jin ɗigon yana sauka a butar ta kira Emmanuel. Ta yi ta ringi har ta kusa katsewa kafin ya ɗaga.

"Ya iso," in ji ta.

"Shi ne dai? Ko wannan ma ban iya ba?"

"Shi ne. Na gode, ƙanina."

Ya ce, "To ki kira Inna ki gaya mata. Ni ma tun ranar ba ta bar ni na huta ba, wai laifina ne da na biye miki na ɗauke."

Rachel ta ce za ta kira, amma sai ta gama sha tukuna.