Ƙaryar da Na Yi Wa Jikana a Kujerar Aski

Shekara arba'in da ɗaya ina aski, kuma babu irin mutumin da bai zauna a kujerata ya amayar da cikinsa ba. Direba, ɗan sanda, ma'aikacin asibiti, har alƙali. Da zarar ka yafa wa mutum ƙyalle ka tsaya a bayansa, bakinsa ya buɗe ke nan. Shi ya sa maganar jikana ta tsaya mini a maƙogwaro.

Ɗan 'yata ne. Uwarsa tana aiki a wani gari mai nisa, a hannunmu ya tashi, ni da kakarsa. Injiniya nake kiransa, don tun yana ƙarami ba ya ganin injin aski ya ƙyale shi bai kwance ba. Da ya shiga aji huɗu na sakandare sai yaro ya canza. Abinci ya jagwalgwala ya ture. Wanka sai an yi da gaske. Ya dawo daga makaranta ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. In na tambaye shi, sai ya ce, "Ba komai, Kaka."

A makarantarsu akwai wata malama da ba ta koyar da darasi. Ɗaki aka ware mata, aikinta yaran da ke cikin damuwa su je su zauna su yi magana. Malamin ajinsu ne ya tura shi. Kowace Talata bayan an tashi, minti arba'in.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi amfani. Cikin wata guda ya fara cinye abincinsa, har ya gyara mini fankar shago. Sai dai ya dawo da sabuwar waƙa. "Malama ta ce in rubuta abin da ke damuna a littafi." "Malama ta ce in ƙirjina ya yi nauyi, in ja numfashi a hankali in ƙirga huɗu." Ni na ɗora shi a wuya, ni na bi shi da gudu ranar da ya koyi keke, amma yau numfashi ma sai wata ta koya masa.

"Maigida, kishi kake yi?" in ji kakarsa, tana tsince wake.

"Ni? Da yarinyar da almakashina ya girme ta?"

"To me ya sa kake ɗaure fuska duk Talata?"

Ranar Alhamis na rufe shago na sa rigata mai kyau na tafi in gan ta. Ɗakin ɗan ƙarami ne. Kujera biyu, tulun ruwa, wata shuka a bakin taga. Agogon bango a bayan kujerar baƙo yake, ita kaɗai ke ganinsa. Na ce a raina, wannan ta san aiki. Ta tarbe ni da girmamawa, ta zuba mini ruwa da hannunta.

Na ce, "'Yata, me ke damun yarona?"

"Baba, abin da ya faɗa mini nasa ne. In na ga rayuwarsa tana cikin haɗari, kai ne farkon wanda zan kira. Ban da wannan, sai in shi ya yarda."

To, muna da wata dabara a sana'armu. In kana son mutum ya ƙarasa maka labari, nuna masa ka riga ka sani. Na gyara zama na ce, "Ai ya gaya mini komai. Waccan maganar. So nake kawai in ji yadda kika gan ta."

Ta yi murmushi. "Madalla, Baba. Ka hutar da ni maimaitawa."

Na yi mata sallama na fito. Ban taɓa jefa wannan ƙugiya ta dawo wayam ba.

Ranar Asabar na zaunar da Injiniya a kujera, na yafa masa ƙyalle. Shago ba kowa. Na fara da ƙeya, na bari injin ya yi ta kuka, sannan na ce, kamar ba da wata manufa ba, "Na je wurin malamarka. Mun daɗe muna hira. Ta gaya mini komai."

Na zaci zai saki jiki ya ƙarasa mini. A madubi na ga fuskarsa ta mutu. Wuyansa ya sandare a ƙarƙashin hannuna.

"Komai?"

"Komai," na ce.

Na ci gaba da askin. Na gama, ya kakkaɓe jikinsa ya fita.

Talata ta zo, ya dawo gida tare da sauran yara. Ta biyu ma haka. Littafin da yake rubutu a ciki, kakarsa ta tsince shi a kwandon shara, an yayyaga shi. Kwanon abinci ya koma dawowa a cike. Na samu abin da nake so, ba a ƙara cewa "Malama ta ce" a gidana ba. Ba a kuma cewa komai.

Malamar ta kira wayar kakarsa tana tambayar ko lafiya. Tsohuwa ta ajiye wayar ta zuba mini ido. Shekara hamsin muna tare, ba ta buƙatar shaida.

"Me ka yi?"

Na faɗa mata.

"Ƙofa ɗaya yaron nan ya samu yana shan iska, ka je ka toshe don ba ta shagonka ba ce. Ka tashi ka buɗe ta, ko ni in buɗe da bakina."

Na same shi a ɗaki yana kallon bango. Na zauna a bakin gado, gwiwoyina suna ƙara.

"Injiniya, ƙarya na yi maka. Ko kalma ɗaya ba ta gaya mini ba. Na tambaya, ta hana ni."

Bai juyo ba. "Yanzu ma ta yaya zan san ba dabara ba ce?"

Wannan ta shige ni. Na ce, "Me ya sa ita, ban da ni?"

Ya ce, "Kaka, kai in na fara magana, kafin in kai rabi ka kawo labarin wani da nasa ya fi nawa muni. Kuma duk sirrin mutanen layin nan na sani, a bakinka na ji."

Na tashi na fita.

Ranar Talata na jira shi a ƙofar makaranta. Ya so ya wuce, na riƙe hannun rigarsa, muka tafi ɗakin tare. A tsaye na yi magana, a gabansu su biyu.

"Malama, na ce wa yaron nan kin tona masa asiri. Ƙarya na yi miki. Faɗa masa da bakinki."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta dube shi ta ce, "Ban faɗa ba. In kana so ka zauna, ga kujera. In ba yau ba, ina nan mako mai zuwa."

Ya tsaya yana murza igiyar jakarsa. Can ya sauke ta, ya zauna.

"Baba," in ji ta, "akwai benci a waje."

Ta rufe ƙofa a hankali. Na zauna a kan bencin tsakanin wasu 'yan mata biyu masu jiran layi, suna ta satar kallona. Ta cikin katako ina jin muryarsa, ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana ci gaba, ba ko kalma ɗaya da na iya kamawa. Na so in matsa kusa. Na riƙe gwiwoyina na zauna inda nake.

Da ya fito idanunsa sun yi ja. Muka kama hanyar gida. A wajen mai gyaran takalmi ya ce yunwa yake ji.

Ban tambaye shi komai ba. Har yau ita ta sani, ni ban sani ba, kuma har yau abin yana cina.