Kifin Lubabatu da Fitilar Labaran

Labaran yana da shagon kayan wuta a bakin titi, kafin a hau gadar Wudil. Yana sayar da ƙwan fitila da waya da batirin sola, da irin fitilun nan masu canza launi da ake liƙawa a ɗakin amare. Tun da ya buɗe shagon ya yanke wa kansa hukunci cewa duk wani haske da ke garin, in ban da na rana, shi ya kamata a tambaya. Ko na ranar ma yana da ra'ayi a kai.

Matarsa Lubabatu malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata. A falonsu tana da akwatin gilashi cike da ruwa, inda take kiwon wasu ƙananan kifaye masu jan wutsiya a cikin tsirrai masu rai. Da hannunta ta ɗebo yashin da ke ƙasan akwatin daga bakin kogi ta wanke. Tsirran kuwa wasu daga Kano ta sayo su, wasu ƙawaye suka ba ta. Abin da ya fi ba ta wahala shi ne fitila. Ta gwada kala-kala kafin ta dace da wata siririya fara, mai sanyin haske, wadda ba ta ɗumama ruwa. Takan kunna ta in za ta tafi makaranta, ta kashe bayan la'asar. A haka ganyen ya yi kore shar, ruwan ya yi garau, har kana iya ƙirga ƙwayoyin yashin da ke ƙasa.

Labaran bai taɓa tsayawa ya dubi akwatin ba sai ranar da abokinsa Gwadabe, dillalin babura, ya zo cin abincin rana. Bayan an gaisa an tambayi iyali da kasuwa, Gwadabe ya leƙa gilashin ya taɓe baki.

"Haba mutumina, ashe haka kake? Kana sayar wa duk Wudil haske, kifin gidanka kuma yana zaune a duhu? Wannan 'yar fitilar ai ko ɓera ba zai ga hanya da ita ba."

Labaran ya yi dariyar yaƙe, tuwon ya daina yi masa daɗi. Da baƙon ya tafi ya tari matarsa a kicin.

"Maman Safiyya, kin ji yadda aka ci mini mutunci a gidana? Gobe zan kawo fitila ta gaske."

"Baban Safiyya, don Allah ka bar ta yadda take. Tsiro yana son haske, amma daidai cikinsa. In ya yi yawa, gansakuka ce za ta ci riba, ta rufe komai."

"Ni za ki koya wa haske? Ke a allo kike zana shi, ni kuwa da shi nake ci da ku."

Lubabatu ta ci gaba da wanke-wankenta. Ta san mijinta. In ya hau irin wannan magana, amsa ƙara masa ƙarfi take yi.

Ana shiga hutun makaranta aka aiko cewa mahaifiyarta ba ta da lafiya a Lajawa. Ta ɗauki Safiyya suka tafi jinya. Kafin ta fita ta roƙe shi abu biyu: ya riƙa zuba wa kifin abinci ɗan kaɗan, ya kuma kashe fitila da la'asar. Ya ce ta tafi hankali kwance.

Ko tasha ba ta kai ba ya cire siririyar fitilar ya jefa bayan kujera. Ya ɗauko irin wadda ake kafawa a ƙofar masallaci don haska fili, ya rataye ta a saman ruwan. Ya zagaye gilashin da fitila mai canza launi, ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, ya haɗa duka da batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta kawo cikas. Kashewa kuwa bai ga dalilinta ba. Mai shagon kayan wuta ya riƙa kashe fitila kamar wani matsolo? Ya ɗauki bidiyo ya tura wa Gwadabe. Gwadabe ya amsa da cewa, "Yanzu ka yi magana!"

Jinyar ta ja. Ranar da Lubabatu ta dawo da hantsi, tun daga ƙofar falo wari ya tare ta. Ruwan ya koma kore kamar miyar kuka. Gansakuka ta lulluɓe gilashin, ta nannaɗe tsirran kamar gashin da ba a taje ba. Ta sa yatsa, ta ji ruwan ɗumi kamar na wankan jariri. Kifaye da dama sun mutu, suna yawo a saman ruwan ciki sama, fitilar kuma tana ta yi musu ja da shuɗi.

Ba ta cire mayafi ba ta zare wayar daga jikin batirin. Ta zauna a ƙasa tana tsamo matattun da cokali, idonta ya cika da ƙwalla. Wasu daga cikinsu a gabanta aka haife su.

Labaran ya shigo yana murmushi.

"Sannu da zuwa. Ya jikin Inna? Wa ya kashe mini fitila?"

"Da sauƙi. Baban Safiyya, dubi ruwan nan."

Ya duba, ya ɗan sosa ƙeya. "Ai ruwan famfon nan ne, kwanan nan ba shi da kyau. Kuma kifin naki dama raunana ne. Da na kogi ne da ba su mutu ba."

"Ko sau ɗaya ka kashe ta?"

"Fitila ce mai garanti. Ba ta buƙatar hutu."

"Ita ba ta buƙata," in ji Lubabatu. Ta dube shi daga hula har takalmi.

A ranar ta kwashe 'yan kifin da suka rage a bokiti, ta tsince tsirran da ke da sauran rai, ta wanke su ganye-ganye. Ta lalubo siririyar fitilarta a bayan kujera. Da aka koma makaranta ta kai su ɗakin gwaje-gwaje, ta zuba su a wani tsohon akwatin gilashi da ke can, ɗalibanta suka karɓi aikin kunnawa da kashewa. Kafin ƙarshen zango tsirran sun fara fitar da sabon ganye.

Akwatin falo kuwa ta bar wa Labaran. Ya wanke shi da omo, ya shiga Kano ya sayo ciyawar roba da kifin roba masu yawo da batir, ya mayar da fitilunsa duka, har ya ƙara ɗaya. Baƙi suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto. Matar wani maƙwabci ta ce wa Lubabatu, "Kai, Malama, yanzu abin naku ya fi kyau. Da kam duk ganye ne."

Lubabatu ta ce, "Haka ne. Aikin maigida ne."

Labaran da ke zaune a wurin bai ji komai a muryarta ba, sai ma ya gyara zama. Ba a daɗe ba ya sa aka yi masa irin akwatin a shago, yana bayyana wa masu saye cewa sirrin kiwon kifi duk a ƙarfin fitila yake, ga shi tun da ya karɓi ragama a gidansa ko ɗaya bai sake mutuwa ba. Mutane suna gyaɗa kai, wasu har suna ba da oda.