Kashi Talatin da Takwas

Yolanda Bettencourt ta sake leƙa allon da ke gaban sitiyari. Batir kashi arba'in da uku. Ta goge gumin wuyanta da gefen riga, ta bi baƙar wayar nan mai kaurin damtse da kallo, tun daga jikin bas ɗinta mai aiki da lantarki har inda ta shige bangon zauren tsofaffi. Muddin wayar tana jone, bas ɗin ba ya motsawa ko taku ɗaya. Haka aka ƙera shi.

Tun da hantsi kamfanin lantarki ya yanke wutar garin, wai iska ta yi ƙarfi, ana tsoron wayoyi su tayar da gobara a tsaunuka. Ga zafin Satumba, wanda a kwarin nan na California ba ya jin kunyar kowa. Shi ya sa tana sauke yara a makaranta aka ce ta wuce zauren, ta ba tsofaffi wuta daga batirin bas kafin a kawo janareta. An ce sha biyu zai iso. Yanzu biyu saura kwata.

Oba-obar da ke cikin bas ta yi ƙara. Rogelio ne, mai raba wa direbobi aiki.

"Yoli, nawa?"

"Arba'in da uku, ranka ya daɗe."

"Bar ni da ranka ya daɗe. Yana taɓa talatin da takwas ki cire. Uku saura kwata za a tashi yara, kuma makarantar ma ba wuta."

"Janaretan fa?"

"Yana hanya."

"Tun ɗazu yake hanya. A ƙafa yake tahowa ne?"

"Ni dai na faɗa miki. Ba ni da wani bas, ba ni da wani direba."

Ba sai ya faɗa mata ba. Talatin da takwas shi ne abin da hanyarta take ci, yara arba'in da bakwai, zango goma sha ɗaya. Na ƙarshe yana can bayan gonakin itacen almon, mil goma sha tara daga gari, inda take sauke tagwayen gidan Ontiveros, 'yan mata 'yan shekara shida. Uwarsu tana aiki a rumbun tantance 'ya'yan itace, inda ake kulle wayoyin ma'aikata a akwatin ajiya sai ƙarfe shida. Shekara ashirin da biyu Yolanda tana tuƙin yara, ba ta taɓa barin ɗan kowa a makaranta ba, kuma duk garin nan ba wanda ba ta faɗa wa haka ba, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ta sauka ta shiga zauren. Sanyi ya bugi fuskarta. Tsofaffi wajen talatin, wasu na karta, wasu na gyangyaɗi. Ba ta gaishe da kowa ba, ta je ta zare tukunyar kofi daga soket, ta kashe talabijin.

"Ke! Ana tsaka da wasa!" in ji wani mai sanƙo.

"Baba, ƙwallon za ta jira. Wutar nan ta 'ya'yan mutane ce kuke sha."

A lungu, kusa da taga, Baba Virgil yana kishingiɗe da siririn tiyo a hanci, na'urar da ke ba shi iskar numfashi tana ta huci a gefensa. Matarsa Mama Opal tana zaune da jakarta a cinya, kamar mai jiran layin asibiti.

"Direba," in ji Baba Virgil, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma, "shekara saba'in rabona da motar makaranta. Lokacin ma korata aka yi. Yau ga shi ita ke shayar da ni iska."

"Me ka yi aka kore ka?"

"Tambayi wannan. Kitsonta na ja."

"Rabu da shi, 'yar nan," in ji Mama Opal. "Bai da numfashi amma bakin na nan."

Yolanda ta rage murya. "Mama, ina ƙaramar tukunyar iskar da yake yawo da ita?"

"Ta ƙare tun safe, kafin ki zo."

"Motar asibiti fa?"

"Na kira. Sun ce motocin duk suna wajen tsauni, sai dai mu jira."

Ta koma bas. Arba'in. Ta zauna a kujerarta, wadda ta ɗauki zafi har tana ƙona cinya, ta zura wa titi ido. Wata motar ɗaukar tumatir ta wuce, sai wata 'yar akori-kura, sai shiru. Haushin kowa take ji: kamfanin wuta, mai janareta, da waɗanda suka zo bikin ƙaddamar da bas ɗin bara da almakashi da masu ɗaukar hoto suka yi ta cewa bas ɗin nan zai yi wa gari aiki biyu. Ba wanda ya tsaya ya tambaya wanne za a fara in ayyukan biyu suka zo lokaci ɗaya.

Biyu da minti ashirin allo ya nuna talatin da takwas.

Ta sauka, ta zagaya, ta ɗora hannu a kan maƙallin wayar. Dannawa ɗaya ce. Tana tsaye a haka Mama Opal ta fito da kofin ruwan lemun tsami, tana takawa a hankali.

"Sha, kin bushe. Ta taga na ji abin da mutumin naku ya ce. Ki tafi abinki, yara ba su san komai ba. Zan yi masa fifita."

Da tsohuwar ta roƙe ta, ko ta zage ta, da abin ya zo da sauƙi. Yolanda ta karɓi kofin da hannun da ke kan maƙallin, ta shanye, ta miƙa mata. Hannun bai koma kan maƙallin ba.

"Yoli? Yoli, kin cire?" Muryar Rogelio daga cikin bas.

Ta hau ta rage ƙarar oba-oba. Talatin da bakwai. Talatin da biyar. Uku saura kwata ta yi, ta wuce. A ranta tana ganin yaran a jere a bakin katanga da jakunkunansu, tagwayen riƙe da hannun juna kamar kullum. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta fara aikin nan.

Uku da minti goma babbar mota ta shigo janye da janareta. Wani ƙaton mutum mai hular kwano ya diro, ya ja wayoyinsa, ya tayar da inji. Fitilun zauren suka ɗan lumshe suka dawo. Daga ciki aka ɓarke da tafi, har da mai fito. Wani ya kunna talabijin.

Mutumin ya bubbuga jikin bas ɗin. "Madam, a janye mana motar nan, ta tare ƙofa. Ai an gama da ita."

Ta cire wayar, ta naɗe ta, ta hau ta ƙara wa oba-oba murya.

"Rogelio."

"Ina kika shiga? Shugabar makaranta ta kira ni sau huɗu! Nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Kin kashe mu. Bari in fara neman iyaye."

"Kar ka nemi kowa. Ka ce a fito da su, ga ni nan."

"Yoli, talatin da takwas ne zuwa da dawowa. Kin fi ni sani."

"Na sani. Zuwan zai yi."

"Ki bar musu sabon bas a bayan gona? Kin san abin da za su yi miki? Kuma ke wa zai ɗauko ki daga can?"

Ta rufe ƙofa, ta duba madubi, ta saki birki.

"Uwar tagwayen tana tashi shida," in ji ta. "Zan zauna da su."