Wutar da Ta Ci Kaka

"Allah ya baƙanta fuskarsa," in ji Inna Hadda, ta ɗaga kwandon burodin sama kamar shi ma za ta kafa shi shaida. "Wanda duk ya ƙona Kaka, Allah ya kawo shi ƙofar nan da ƙafarsa, kowa na kallo. Ki ce amin mana, Tilila! Bakinki ciwo yake?"

Tilila ta ce amin, amma da ƙyar ta fito. Tun hantsi suke tsaye a ƙofar ofishin jandarma, wato 'yan sandan garin Tizra, ita da matar kawunta, rana na dukansu, ƙaurin daji kuma bai bar garin ba. Daga nan ana hango gefen dutsen ya yi baƙi ƙirin, da gurbin da Kaka ta bari. Kaka ƙatuwar bishiyar kan dutse ce, irin wadda ake kira arz, wadda ba mai iya faɗin shekarunta. Mata na ɗaura mata tsummoki in suna neman haihuwa ko ruwan sama, makiyaya kuwa ko reshe ba sa karya mata. An ce wata tsohuwa ce ta gudo da tumakinta a shekarar fari, ta kafa sandarta a wurin ta ce ba ta ƙara taku, sandar ta yi saiwa. Shekaranjiya wuta ta tashi daga gindinta, ta cinye ta, ta haɗa da rabin kwarin.

Aka kama Kawu Assu. To, wa za a kama in ba makiyayi ba? A wurin aka same shi yana dukan wutar da jallabiyarsa, ga butar shayinsa mai baƙin gindi a kusa, ga tsohuwar rigimarsa da malaman daji kan saran rassa wa tumaki. Aka ce magana ta ƙare, sai a kotu.

Da aka ga ba za su tafi ba, aka ce mutum ɗaya ya shiga, abinci kuma sai da yamma. Inna Hadda ta tura Tilila, tunda ita ce ta yi karatu kuma take aiki a kantin magani. Ta sami kawunta zaune a kan benci, hannuwansa biyu naɗe da bandeji, naɗin ganin dama. Ta durƙusa kamar tana gyara masa.

"Kawu, ka gaya musu wa ka kai wurin ranar Asabar?"

"Na kai wa? Tumaki na kai."

"Kawu!"

"Rage murya, 'yar nan. Muryar korar diloli ce da ke, ba ta ofis ba."

"Ni na roƙe ka ka nuna mana hanya. Ka kai mu, ka koma wajen tumakinka. Faɗa musu haka mana!"

Tsohon ya dube ta da jajayen idanunsa. "Ni in an rufe ni shekara biyu, tumaki ne za su yi kewata, sai Hadda ta rasa wanda za ta yi wa faɗa. Ke fa? A ji 'yar ƙanwata ta shafe fuska kamar gawa, ta je ta yi ta ihu a gindin Kaka da samari uku, washegari Kaka ta ƙone? Wa zai ƙara karɓar ko maganin ciwon kai daga hannunki? Masu bautar Shaiɗan za a ce. Ni ban ga kowa ba. Tashi ki tafi."

Ta fito tana huci. Haushin kawun take ji, haushin jandarman, haushin garin duka, amma mafi yawan haushin ta tanadar wa mutum ɗaya: Jawad, abokin kiɗanta. Ta ce wa Inna Hadda tana zuwa, ta nufi tasha, ta matsu a tasin birnin Maknas tsakanin wata mai kwandon ɓaure da wani mai minshari.

Su huɗu ne a ƙungiyarsu ta kiɗa, kuma abin da suke kaɗawa shi ake kira baƙin metal: jita mai lantarki tana kuka, ganguna kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, sai gogaye da kakaki da Jawad ke haɗawa a kwamfuta har ka ɗauka mutum ɗari ne a ɗakin. Tilila ce ta kawo bandiri cikin lamarin, ita ce kuma mai murya. Tatsuniyoyin da Kawu Assu ya yi mata tana ƙarama su take gurnani da su cikin harshen mutanen dutse. Sabuwar waƙarsu ta Kaka ce, tsinuwa ce tun daga farko har ƙarshe ga ɓarayin katako. Wani bikin kiɗa a ƙasar Turai ya gayyace su, ya nemi bidiyo. Jawad ya kafe sai an ga sandunan wuta, wai baƙin metal ba wuta miya ce ba gishiri. Ta ce a watan Agusta, a dajin da ya bushe ƙamas? Ya rantse da mahaifiyarsa a kwamfuta zai sa wutar. Ta yarda, ta gama nata ɓangaren da rana, ta bar su can ta koma aikin yamma.

Ta tarar da Jawad shi kaɗai a garejin babansa, likitan haƙori, garejin da suka manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada maƙwabta su kai ƙara. Yana gaban kwamfuta yana aiki da hannun hagu. Na dama yana cikin aljihun riga.

"Sarauniyar dutse! Zo ki ga abin mamaki."

"Fito da hannunka."

"Wane hannu?"

"Hannu nawa gare ka? Fito da shi!"

Ya zaro shi a hankali. Bandeji ne har wuyan hannu, sai warin man ƙuna, wanda take sayarwa kullum.

"Butar shayi ce," in ji shi.

"Kai da ko ƙwai ba ka iya dafawa? Rantse da mahaifiyarka. Au, na manta, ka riga ka cinye wannan rantsuwar ranar Asabar."

Sai maganar ta ɓalle masa gaba ɗaya. Wai wutar kwamfuta ta wasan yara ce, Turawan nan da suka ƙirƙiro kiɗan dariya za su yi musu. Sanduna kawai suka naɗe da tsumma suka jiƙa da fetur, na ɗan lokaci, da rana ta kusa faɗuwa. Tsumma ɗaya ya zame ya faɗa kogon bishiyar, shi da kansa ya sa hannu ya ciro, ga shaida nan. Suka juye duk ruwan shan da suka zo da shi a ciki.

"Wallahi mun kashe ta, Tilila. Ko hayaƙi babu lokacin da muka tafi."

"Kun kashe ta! A cikin kogon ta kwana tana jiran iska, sakarai. Na ce maka kada ka kunna ko ban ce ba?"

"Tsaya, ki gani tukuna. Ki gani kawai."

Ya danna. Gogayen suka taso a hankali, bandiri ya shigo, sai ga ta a gindin Kaka, lulluɓe da farin bargon auren Inna Hadda mai walƙiya, wanda ta aro da cewa hoton bikin ƙawa za a yi. Fuska fara fat, idanu baƙaƙe har kunci, baki a buɗe. Ya yanka hoton ya haɗa yadda za ka rantse tana tsakiyar masu riƙe da wutar. Sama da su tsummokin matan Tizra suna nannaɗewa saboda zafi, muryarta kuma tana cewa hannun da ya taɓa ki, Kaka, ya shanye. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne bidiyon ya yi kyau. Ba su taɓa yin abin da ya kai shi ba.

"Kin gani?" in ji Jawad, ya sassauta murya. "Ba wanda zai ƙara samun wannan hoton. Mu ne na ƙarshe da suka ɗauke ta da ranta. Ai wannan girmamawa ce."

"Kawuna yana kulle."

"Babana ya san lauya mai kyau, za mu taimaka ta bayan fage. Wata shida, shekara, ya fito. Mu fa? Kin manta abin da hukuma ta yi wa makaɗan da suka riga mu a kan baƙaƙen riguna kawai? Mu ba laifin gobara za a ɗora mana ba, har addininmu sai an kai kotu. Shekara nawa muna ihu a garejin nan, ba mai saurarenmu sai kwalayen ƙwai? Yanzu ƙofa ta buɗe, ki ce za ki rufe ta da hannunki?"

Ta so tafiyar nan, ba ƙarya. Ta so ta har cikin ƙashinta. Ta so ta tsaya gaban dubban mutanen da ba su taɓa jin sunan Tizra ba, ta sa su ɗaga hannu suna kiran Kaka. Fasfonta na ƙarƙashin matashin kanta, kullum sai ta duba shi. Shi ya sa maganarsa ta ƙara tunzura ta, don ya san inda zai taɓa.

"Kai ka ɗebo da zafi, sai a zuba a bakin tsoho?"

Ta miƙa hannu ta fizge filashin da bidiyon ke ciki daga jikin kwamfutar. Jawad ya manta, ya kai hannun dama ya damƙo ta. Ihun da ya yi ya wuce kwalayen ƙwai har titi. Shekara da shekaru yana koya mata yadda ake fito da ƙara daga ciki ba daga maƙoshi ba, sai yau ya nuna mata a aikace.

"To kai musu!" ya ce, yana rungume da hannun, hawaye na zuba. "Kai musu, mu gani! Me za su gani? Fatalwa huɗu. Ko uwayen da suka haife mu ba za su gane mu ba. Ni cewa zan yi ban san su ba. Ke kuma su ce yarinya ta kwaso bidiyo a intanet don ta ceci kawunta. Wa zai yarda 'yar kantin magani mai farar riga da sannu-da-jiki ita ce wannan?"

Ta tsaya a bakin ƙofa. Gaskiya ya faɗa, la'ananne. Ta komo, ta wuce shi ba ta ko dube shi ba, ta ɗauki jakar kayan wasa da bargon ke ciki, ta haɗa da gwangwanaye biyu na fentin fuska, fari da baƙi.

La'asar ta yi lokacin da ta sauka a Tizra, kasuwar Talata ba ta watse ba. A tashar ta tsaya, gaban madubin wata babbar motar dankali, ta buɗe gwangwanin fari. Ta shafa farin har gindin kunne, ta zagaye idanun da baƙi, ta ja layukan zuwa kunci daidai yadda ta yi ranar Asabar. Ta yafa bargon a cikin wannan zafin, ta bi ta tsakiyar kasuwa, don ba wata hanyar.

Yara suka fara watsewa. Mai sayar da na'a-na'a ya saki ma'auninsa. Wata mata ta rufe wa goyonta ido tana karanto abin da ya zo bakinta. Wani tsoho da take auna wa hawan jini duk mako ya ɗaga sandarsa yana cewa a kira liman. Da ta zo daidai kantin magani, mai kantin na tsaye a ƙofa, ya bi ta da kallo, ta ga lokacin da ya gane tafiyarta. Ba ta rage sauri ba. Kafin ta kai ofishin jandarma rabin kasuwa na bin ta daga nesa.

Inna Hadda na nan inda ta bar ta, zaune a inuwar katanga da kwandonta a cinya. Ta ɗago kai, ta zabura.

"A'uzu billahi minash shaiɗa..." Sai idonta ya sauka a gefen bargon, inda ta taɓa ɗinke ɓarnar asu da jan zare. "Wannan bargona ne."

"Naki ne, Inna."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon baƙaƙen idanun. Ta juya ta kalli dutsen, ta sake kallon ta.

"Ke?"

"Ba ni na kunna ba. Amma ni na kai su, kuma Kawu saboda ni ya yi shiru. Ga shaida a hannuna."

"Da safe kin ce amin."

"Na ce."

"To ban janye ba," in ji Inna Hadda. "Ko kalma ɗaya ban janye ba, kin ji ni?"

Jandarman da ke ƙofa ya taso, hannunsa a kan ɗamara, yana tambayar wace ce wannan kuma me take nema. Inna Hadda ba ta kula shi ba. Ta gyara tsumman da ta rufe burodin mijinta da shi, ta dangwara wa Tilila kwandon a ƙirji da ƙarfi har sai da ta ja da baya.

"Riƙe. Ba sa ba mutum abinci a ciki. Ki ce masa ya fito, tumaki ba su sha ruwa ba."

Tilila ta rungume kwandon ta shiga.