Ranar da Iyatu ta Tare Gaisuwa

Kun gan su, kada ku ce ba ku gan su ba. Kuna cikin mota tsakanin Kankia da Kusada, kuka hangi mace a gindin bishiya ta ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, kuka ce shiriritar 'yan zamani ce, kuka mayar da ido kan hanya. Ko sau ɗaya ba ku tsaya kun tambayi abin da take nema ba. To, ɗaya daga cikinsu sunanta Basira, kuma digiri take nema.

Basira malamar firamare ce a wani ɗan ƙauye bayan Tafashiya. Shekara huɗu tana karatun jami'a daga nesa, ba ta taɓa zama ajin lakca ba. Littattafanta duk na kyauta ne, irin waɗanda malamai ke zubawa a intanet don kowa ya ɗiba. Mai sauko mata da su Magdalene ce, wadda ke da shagon buga takardu kusa da tashar Kankia, ta shekara ashirin a garin har Hausa ta zauna a bakinta. Duk ranar da Basira ta shigo gari, sai Magdalene ta cika mata waya da darussa, ta koma gida ta karanta tsakanin girki da duba aikin yara.

Kwas ɗaya ya rage mata, sai jami'ar ta mayar da jarrabawa ta waya. Dokar a rubuce take: kyamara a buɗe, fuska kada ta bar allo, kada a ji muryar kowa, kada a ga kowa sai ɗalibi. Wanda ya rubuta dokar yana da ɗaki mai ƙofa. A ƙauyen su Basira kuwa, wuri ɗaya tak sabis yake tsayawa: gindin tsamiyar da ke kan hanyar rijiya.

Ranar jarrabawa da hantsi ta shimfiɗa tabarma, ta jingina wayar da saiwar tsamiya, ta fara. Tana kan tambaya ta tara sai ga Iyatu, uwar mijinta, riƙe da guga.

"Sannu da aiki, Malama."

Kafin Basira ta yi tunani, gwiwoyinta sun riga sun kai ƙasa. Fuskarta ta bar allo.

"Inna, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya jikin jikata Rahma, tarin ya sake ta?" Iyatu ta matso ta leƙa wayar. "Mi kike kallo haka? A'a! Ga ni ciki!"

Bayan ta wuce, mata uku suka biyo da tuluna. Kowacce ta gaida Malama, kowacce Malama ta amsa mata.

Kwana biyu, saƙo ya shigo: an soke jarrabawarta, na'ura ta kama muryoyi huɗu da baƙuwar fuska, ana zargin ta da satar amsa.

A shagon Magdalene ta yi kukanta. Magdalene ta bar ta ta gama, sannan ta janyo kujera suka rubuta ƙorafi, suka roƙi a sa mutum ya kalli hoton da idonsa. Allah ya sa aka samu malamin da ya kalla, kuma ya san abin da ya gani. Ya rubuto cewa wannan gaisuwa ce, ba satar amsa ba, ya nemo mata dama ɗaya: Talata mai zuwa, ƙarfe goma. Amma ya gargaɗe ta, na'ura ba ta san suruka ba. In aka sake jin murya, shekarar ta tafi, ba zai iya sake tsaya mata ba.

Shagon Magdalene ba zai yiwu ba, ga janareta, ga ihun 'yan kamasho. Basira ta nemi aron ɗaki a gari wurin mutum uku. Ɗaya ya ce makulli na hannun wani, ɗaya ya ce ta dawo jibi, ɗaya bai ɗaga waya ba.

"To, tsamiyar ce dai," in ji Magdalene. "Ki gaya wa Inna kada ta gaishe ki."

Basira ta zaro ido. "Ni? In dubi uwar mijina in ce kada ta gaishe ni? Gara in sake shekarar."

"Kunyar nan taku za ta kashe mutum, wallahi. Ni ba surukata ba ce. Kira mai mashin."

A tsakar gida suka sami Iyatu tana ɓarar gyaɗa. Basira ta shige ɗaki ta laɓe bayan ƙofa. Magdalene ta durƙusa, ta yi gaisuwa har ta ƙare, sannan ta faɗi komai ba tare da kwana-kwana ba.

Hannun Iyatu ya tsaya cikin ƙwarya.

"Kina nufin gaisuwata ce ta kayar da ita?"

"Ba laifinki ba ne, Inna. Na'urar ce ba ta da tarbiyya."

"Kuma shi ne ta ƙi faɗa mani, sai da ta ɗauko 'yar Kudu?" Ta ɗaga murya yadda na cikin ɗaki zai ji. "Shekara huɗu ina goyon Rahma don karatun nan, bayana ya lanƙwashe, sannan a ce bakina ya zubar da shi? Talata, kika ce?"

Ta yafa gyale ta nufi ƙofar Mai'unguwa Sodangi. Da ya ji, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Gayyar noma na sani, gayyar ɗaukar jinka na sani. Yau kuma gayyar shiru, Iyatu?"

"Kai dai ka sa a faɗa bayan sallah. Jikokinka uku na ajinta."

Aka faɗa. Ranar Talata mata suka gama ɗiban ruwa tun da sassafe. Mai injin niƙa ya kashe injinsa. Aka jingine taɓare, aka kora awaki bayan gari. Iyatu ta kai tabarma mararrabar da hanyar rijiya ta rabu da ta cikin gari, inda take hango tsamiyar amma murya ba ta kaiwa, ta zauna. Duk wanda ya nufo ya ce bari ya gaida Malama, sai ta ɗaga hannu.

"Kawo gaisuwar nan. Tana amsawa. Bi ta bayan masallaci."

Ƙarfe goma Basira ta fara. Ba ta taɓa jin ƙauyen ya yi irin wannan shirun ba. Har faɗuwar 'ya'yan tsamiya take ji. Ta wuce tambaya ta tara, ta wuce ta ashirin.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne ƙaramar hanyar gonaki da ke fitowa ta ɗaya gefen. Saura minti bakwai, ta gefen ido Basira ta hangi wani dattijo yana turo keke. Ta san wannan tafiyar. Malam Hussaini ne, mahaifinta, ya taso tun daga Yashe ba sanarwa, da ƙullin magani don tarin jikarsa. Wata biyar rabon da ta gan shi.

Gwiwoyinta suka fara motsi da kansu. Ta danne su da hannun hagu. Ta kafe ido kan allo, rubutun yana rawa. Tana jin ƙarar sarƙar keken na matsowa. Ta san zai tsaya, zai gyara murya, zai yi sallama, kuma ta san in ya yi, za ta amsa.

Iyatu ma ta hango shi. Matar da ke miƙewa da "wash, bayana" ta bar takalmanta kan tabarma. Ta ratsa ta cikin kunyoyin dawa da gudu, gyalenta ya maƙale a kara ta bar shi, ta sha gaban surukin da ko ido ba su cika haɗawa ba. Ya buɗe baki ke nan ta riƙe kan keken, ta ɗora yatsa a leɓe, ta raɗa:

"Wa alaikumus salam. An amsa. Yi shiru, Malam."

Ya dube ta, ya dubi ɗiyarsa da ke kallon waya kamar ba ta san shi ba. Iyatu ta sake raɗa masa 'yan kalmomi. Sai ya jingine keken a hankali, ya tsaya nan cikin rana, leɓunansa na motsi da addu'a ba sauti.

Basira ta danna amsar ƙarshe, ta tura. Allon ya nuna an karɓa. Ta ajiye wayar, ta rarrafa ta zube gabansa.

"Baba, ka yafe mani. Na gan ka."

"Na san kin gan ni," in ji shi. "Da kin taso, da ni da ke ne."

Iyatu na haki, ta dafa tsamiya. "Sai ki tashi, Malama. Gaisuwar gari duka na hannuna. Gida-gida za ki bi ki mayar, ni ba zan ɗaukar maki ba."

Ta bi, har la'asar. Mako uku bayan nan sakamako ya fito, ta ci. Magdalene ta buga shi a takarda mai kauri ta ƙi karɓar komai, Iyatu ta ajiye shi cikin kwallarta tare da zannuwan sallah.

Allah ya saka wa Iyatu, da Magdalene, da malamin da ya kalla da idonsa, da waɗanda suka zuba littattafansu kyauta, da ƙauyen da ya haɗiye gaisuwarsa na awa guda. Sun yi nasu.

Amma ba kowace Basira ke da Iyatu ba, kuma bai kamata sai tsohuwa ta yi gudu cikin gona kafin a rubuta jarrabawa ba. Kai da ke karanta wannan, kana da ɗaki mai ƙofa inda sabis ke kamawa: falo, ofis, bayan shago. Akwai jarrabawa a wannan zangon. Ka tambayi wa ke karatu daga nesa a unguwarku, ka neme shi tun kafin ya neme ka, ka ba shi makulli.